Ba Duk Ƙiriniya Ba Ce: Shawarwari Ga Gidajen Makera Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara

Wanda ya yi ƙuruciyarsa a Makera a shekarun 1970 zuwa 1980, jiniyar masaƙa ce ta raine shi. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, da UNTL da Arewa Textiles da suka biyo bayanta, da kamfanin haɗa Fijo da ya fara aiki a 1975, su suka cika kudancin kogin Kaduna da ma'aikata daga ko'ina. A gidan haya guda sai ka tarar da Bahaushe da Banufe da Bajju da Bayerabe suna layin famfo ɗaya. Uba na da albashinsa a ƙarshen wata, ɗa kuwa na kowa ne. Ba wai a lokacin babu yaran da ke cikin damuwa ba. Akwai su, sai dai sunayen da ake ba su daban ne: miskili, daƙiƙi, mai ƙiriniya, mai iskoki.

Wancan zama ya watse. Rikicin Fabrairu da Mayun 2000 da na Nuwambar 2002 sun raba Kaduna, kowa ya tattara ya koma inda zai iya runtsawa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, sai ga rikicin bayan zaɓen 2011. Yaron da aka ja hannunsa ana gudu a 2000 yau ya haura talatin, shi ne uba. Yarinyar da ta kwana a barikin soja tana kuka, ita ce uwa. Yawancinsu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su abin da idonsu ya gani. 'Ya'yansu kuma nasu rabon daban ne: kullen korona a 2020, sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist su 121 a Yulin 2021, na Kuriga a Maris na 2024, tsadar abinci tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ga kuma waya a hannu tana kawo musu hoton kowace masifa har kan katifa.

To, ciwon ne ya ƙaru, ko ido ne ya buɗe? Ƙasashen da suka daɗe suna ƙirga abin sun nuna duka biyun ne. A Ingila, binciken ƙasa ya samu larurar ƙwaƙwalwa a kashi 9.7 cikin 100 na yara 'yan shekara 5 zuwa 15 a 1999, kashi 10.1 a 2004, kashi 11.2 a 2017. A shekara 18 ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma layin masu neman ganin likita ya yi tsawon da ya zarce haka nesa ba kusa ba. A lardin Ontariyo na Kanada, tsakanin binciken 1983 da na 2014, waɗanda suka ce yaro na bukatar ƙwararre sun kusa ninkawa uku. Da korona ta zo, ciwon kansa ya yi tsalle: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya.

Mu a nan, abubuwan da ke haddasa ciwon sun ƙaru, amma ƙafarmu na da nauyi wajen neman magani. A 2021 UNICEF ta ce ɗaya cikin shida na matasan Nijeriya 'yan 15 zuwa 24 sun ce sau da yawa suna jin ƙunci ko rashin sha'awar komai. Binciken da Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, a kan manya a ƙasar Yarbawa, ya nuna cikin masu matsanancin ciwo, kusan takwas kacal cikin 100 suka samu magani a shekarar da ta gabaci binciken. Dokar 1958, wadda ta ɗauki mai ciwon ƙwaƙwalwa a matsayin abin tsarewa, ita muka zauna da ita har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa, maƙwabciyarmu, mutane na tahowa daga wasu jihohi dominsa. Mu da ke kusa sai mu shekara muna kewaye-kewaye, sai ranar da yaro ya daina magana ko ya ɗauko taɓarya, sannan a kai shi a ɗaure. Wannan jinkirin nake so mu rage.

1. Ku lura da canji, ba da hali ba.

Akwai yaron da tun yana goye miskili ne, akwai wanda bakinsa ba ya hutawa. Wannan halitta ce. Abin dubawa shi ne yaron da ya sauya daga yadda kuka san shi: mai cin tuwo ya koma sa hannu ya cire, ɗan ƙwallo ya daina fita fili, wadda ba ta wuce ta biyar a aji ta koma ta talatin, mai ɗokin Islamiyya ko makarantar Lahadi ya fara ɓuya. Ku tambayi kanku abu uku. Me ya faru dab da farawar abin? Ya kai mako biyu? Ya taɓa barcinsa, cinsa, karatunsa ko wasansa? In ya kai, kuma ya taɓa, to ya wuce a ce zai bari da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na ɗauke da irin wannan larura, kuma rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan soma ne kafin mutum ya wuce 14. A ajin da ke da ɗalibai 70, yara goma ke nan.

2. Ku saurari jiki, shi ke fara kawo ƙara.

Yaronmu ba zai zo ya ce, "Baba, ina cikin damuwa" ba. Abin da zai ce shi ne cikina, kaina, ƙirjina. Ciwon cikin da ke zuwa safiyar Litinin ya ɓace ranar Asabar, ko ciwon kan da ke tsananta duk lokacin da jarrabawa ta matso, yana da labari a bayansa, kuma ba ƙarya yaron yake yi ba, da gaske yake jin ciwon. Mu kuwa sai a ruga kemis, a ce maleriya ce da taifot, a yi allurai, a dawo bayan wata guda a maimaita. A yi gwaji, wannan wajibi ne. Amma in an gwada ba a ga komai ba, ko an yi maganin abin ya ƙi tafiya, ku gaya wa likita abin da ke faruwa a gida da makaranta ko da bai tambaya ba.

A matasa, damuwa ta fi fitowa da fushi: tsaki, buga ƙofa, faɗa da ƙanne a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sannan akwai cututtukan jiki da kan bar tabo a ƙwaƙwalwa, kamar sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai suma, da shawarar jarirai da ba a kula da ita ba. Yaron da ya tashi daga ɗayansu, a sa ido a kan jinsa, maganarsa da karatunsa.

3. Ku sama wa kowane yaro babba guda da zai iya buɗe wa ciki.

Kunya da kawaici ado ne a wurinmu, ban kuma ce a zubar da su ba. Amma a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba kuma in ya shigo kowa ya nutsu, wa yaro zai gaya wa cewa malami na taɓa shi, ko cewa ya kwana uku bai yi barci ba? A da kaka na nan, goggo na ɗakin baya, kawu na zuwa ranar Juma'a. Yau iyali da yawa ɗaki ciki da falo ne a gidan haya, dangi kuma suna ƙetaren kogi ko can ƙauye. Guraben nan sai an cike su da gangan. In ke ba za ki iya ba, ki zaɓi ƙanwarki ko yayarsa, ki ce mata, "Ki riƙa jan Ummi da hira, abin da ta gaya miki kada ki mayar da shi abin faɗa."

In kuma za ku tambaya da kanku, kada ku kira yaro gabanku kamar mai shari'a. Ku tambaye shi kuna tsintar shinkafa, ko kuna tafiya masallaci. "Na ga kwana biyu ba ka walwala, akwai abin da ke damunka?" In ya ce ba komai, ku ce, "To, duk ranar da kake son faɗa ina nan." Ku sake tambaya bayan kwana biyu. Ranar da ya buɗe baki, ku bar shi ya kai aya. Kalmomin nan namu, "Kai har ka san damuwa?" da "Mu da muke neman abin da za ku ci me za mu ce?", su ke rufe ƙofar shekara da shekaru.

4. Ku san abin da bulala ba ta warkarwa.

Fitsarin kwance kafin shekara biyar ba ciwo ba ne. Bayan nan ma yakan bi jini, ya fi yawa ga masu sikila, kuma yawancin yara kan bari da kansu. Duka, da tara yaran unguwa suna kiran yaro amalala, ba abin da suke ƙarawa sai tsoro, tsoron kuma ya ƙara fitsarin. A rage masa ruwa bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda, a yaba masa ranar da ya tashi a bushe. Amma wanda ya daɗe da bari sannan ya dawo yi, a kai shi asibiti: ko ciwon mafitsara ne, ko suga, ko wani abu ya firgita shi.

Haka yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya a gida da makaranta da Islamiyya, kullum ya yar da fensir, ya tsallaka titi ba dubawa. Haka wanda ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba alhali yana da wayo a komai. Kafin a ce daƙiƙi ne, a duba idonsa da kunnensa, yara da yawa allo ne ba sa gani. Wanda kuma ya kai shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya haɗa ido, kada a zauna a kan cewa babansa ma ya yi jinkirin magana. Koyar da irin waɗannan yara ta fi kamawa in an fara da wuri.

5. Ku tace labarin tashin hankali kafin ya kai kunnen yara.

Yaron Makera bai je Kuriga ba, amma ya ji ana cewa an kwashe yara daga filin makaranta da safe, shi ma kuma gobe makaranta za shi. Kada a kunna bidiyon gawarwaki ko muryar masu garkuwa a tsakar gida. In ya tambaya, kada a ce ƙarya ne, a gaya masa gaskiya daidai shekarunsa, a kuma nuna masa abin da aka tanada: wanda zai ɗauko shi, gidan da zai shiga in wani abu ya faru, lambar wayar da zai haddace. Mafarkin tsoro, manne wa uwa da firgita in an buga ƙofa sukan lafa cikin 'yan makonni. In sun haura wata, a nemi taimako.

Iyaye kuma ku dubi kanku. In har yau ƙarar salansa na sa cikinka ya ɗuri ruwa, in kina tashi tsakar dare kina duba sakata tun 2000, yaranku na karanta wannan a fuskarku. Neman magani ga uwa ko uba rabin maganin yaro ne, musamman mai jegon da ta kasa sakin jiki da jaririnta tana yawan kuka.

6. Kada ku mayar da addu'a da asibiti kishiyoyi.

A nan ne gidaje da yawa ke asarar shekaru. Ni ban ga dalilin da zai sa a ce wa mai imani ya zaɓi ɗaya ba. Wanda ya karye, ana yi masa tofi, ana kuma ɗora shi. A yi ruƙiya, a sha rubutu, fasto ya yi addu'a, a kuma je asibiti a makon, ba bayan an gama zagaye malamai bakwai ba. Masu shekaru za su tuna zamanin Sumbuƙa a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata a makarantun Kano suka riƙa faɗuwa rututu. Har yau ana samun irin haka a makarantun kwana. Ko me mutum ya yarda shi ne sanadi, yarinyar da ke yawan faɗuwa tana bukatar likita ya duba ko farfaɗiya ce, wata mace mai hankali kuma ta tambaye ta a keɓe abin da ke cin ranta. Sau da yawa akan tarar da auren da ba ta so, ko cin zali, ko tsoron jarrabawa.

Amma akwai iyaka, kuma a kanta ba na sassautawa. A ƙarshen Satumbar 2019, 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar a gyara musu tarbiyya. Ba mugunta ta kai su ba, gajiya ce da rashin sanin inda za a dosa. Saboda haka duk mai maganin da ya ce sai an ɗaure yaro, ko a doke shi don aljanin ya ji, ko a hana shi abinci, ko a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko ya keɓe da yarinya ba muharraminta, ko a hana ku ganinsa, ko a zubar da maganin asibiti, ku ɗauki ɗanku ku fita. Malamin kirki da kansa zai ce muku ku haɗa da likita.

7. Farfaɗiya: abin yi a minti biyar na farko.

A kwantar da yaro ta gefe, a janye wuta, ruwa da duk abin da zai ji masa rauni, a sa masa abu mai taushi a ƙarƙashin kai. Kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa komai, kada a danne shi, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. A duba agogo: in jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, sai asibiti. Kumfar bakinsa ba ta sa wa kowa ciwon, don haka ba dalilin ware masa kwano ko cire shi daga makaranta. Kusan bakwai cikin goma na masu farfaɗiya kan rabu da faɗuwa in suna shan magani a kan ƙa'ida.

8. Shaye-shaye: ku tambayi abin da yaron ke gudu.

A Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona yadda ake sayar da shi. Binciken ƙasa na shekarar ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan 15 zuwa 64 da suka yi amfani da kayan maye, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Hana kodin bai kashe kasuwar ba, tiramol da roci da wiwi da sholisho suna nan. Alamun sanannu ne: barcin rana mai nauyi, jan ido, lauyewar harshe, sababbin abokai da ba a kawowa gida, kuɗi da kaya na ɓacewa.

Abin da aka fi mantawa shi ne, yara da yawa ba don daɗi suka fara ba. Wani don ya samu barci ne, wani don ya iya aikin ƙarfi a gareji, wata don ta manta abin da aka yi mata. In aka raba shi da ƙwaya aka bar shi da abin da ya kai shi, zai koma. Kada a yi masa magana yana cikin maye, kada a tara masa dangi, kada kuma a kore shi, domin titi da 'yan sara-suka na jiransa. Wanda ya daɗe yana shan ƙwaya, yanke ta farat ɗaya kan iya jawo jijjiga, don haka a bar likita ya tsara. Asibitin Barnawa na da sashen masu wannan matsala. In ya warware ya sake zamewa, a koma, hakan na cikin ciwon.

9. Waya ta kwana a ɗakin iyaye.

Ɗan firamare na bukatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi 8 zuwa 10. Wanda ke TikTok har ƙarfe biyu, ga asuba ga makaranta, dole ya wayi gari da fushi da mantuwa. A sa doka guda ga kowa, har da Baba in zai yiwu: bayan isha'i waya ta tafi caji. Ku kuma gaya wa 'ya'yanku tun kafin ya faru cewa in wani ya yi musu barazana da hoto, ko suka ci bashin caca ta waya, su zo gare ku, za a fara kashe wutar kafin a yi faɗa.

10. Ku dubi yaron da ba a duba.

Kusan kowane gida na da shi: 'yar riƙo, agola, 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, almajirin da ke wanke-wanke, yaran da aka saki uwarsu aka hana su ganinta, marayan da aka ce masa babansa ya yi tafiya. Su suka fi ɗaukar nauyi, su ne kuma ba a tambaya. In aure ya mutu, kada a mayar da yaro ɗan aike ko ɗan leƙen asiri tsakanin gida biyu, a kuma gaya masa ƙarara cewa ba laifinsa ba ne. In rasuwa aka yi, a faɗa masa gaskiya, a bar shi ya yi kuka.

Yarinya mai talla da ta fara ƙin bin wani layi, ko yaron da ke ƙanƙame jiki in wani mutum ya shigo, a bincika a hankali. In an ci zarafin yaro, mace ko namiji, akwai cibiyar Salama a Babban Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, an kafa ta ne domin wannan. A je cikin awa 72, domin a cikinsu ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki, a tafi da kayan da ke jikinsa ba a wanke ba. Ko lokacin ya wuce, a je. Rufa-rufar da ake yi don kare sunan gida, yaron ke biyan kuɗinta har girmansa.

11. In yaro ya ambaci mutuwa, ku ɗauka da gaske.

"Gara in mutu in huta." "Kun kusa daina ganina." Kada a ce neman suna ne, kada a tsaya a kan wa'azin wuta kawai. A zauna a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kulle maganin ƙwari da na ɓera da ragowar magungunan gida, a kai shi asibiti a ranar. In ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, a ɗauki kwalbar a ruga asibiti mafi kusa. Haka nan yaron da ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kwana uku ba barci yana surutai, ko ya rikice tare da zazzaɓi, ba a kwana da shi a gida.

12. Ranar zuwa asibiti.

Ba dole sai an fara da Barnawa ba. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko Gwamna Awan, ko St. Gerard's a Kakuri, ko Barau Dikko a cikin gari, duk za su iya dubawa su ba da takardar turawa. Amma kada sunan Barnawa ya tsorata ku. Yawancin yaran da ake kaiwa, ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Na san abin da ke ran uwa: in aka ji, wa zai aure ta? Yarinyar da aka yi wa magani tana 13 ta gama makaranta lafiya, da wadda aka ɓoye a ɗaki har ciwon ya fito titi, wace ce unguwa za ta fi sani? Sirrin marar lafiya haƙƙinsa ne, ba sai kun sanar da kowa inda za ku ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, na yara kuwa 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Minti kaɗan za ku samu, don haka ku je da shiri. Wanda ya fi zama da yaron shi zai raka shi, ba wanda ya fi iya Turanci ba. Ku rubuta a takarda lokacin da abin ya fara da yadda yake zuwa. In faɗuwa yake yi, ku ɗauki bidiyonta a waya ku nuna wa likita kaɗai. Ku tafi da sakamakon makaranta na zango biyu ko uku, da kwalayen duk maganin da ya sha, har na gargajiya, kada ku ɓoye. Ku gaya wa yaron inda za a je, kada a yaudare shi da cewa kasuwa za a. In likita ya nemi ganin matashi shi kaɗai, ku ba su wuri.

Ba kowane yaro ake ba ƙwaya ba, wasu zaman tattaunawa ne da gyaran yadda ake tafiyar da su a gida da aji. In an rubuta magani, ku tambayi sunansa, tsawon lokacin sha, da abin da zai iya jawowa. Maganin damuwa kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma a makonnin farko ana so a ƙara sa ido a kan yaron. Kada a daina don ya ji sauƙi, kada a ba ɗan maƙwabta don ciwonsu ya yi kama. In kuɗi ne matsala, ku faɗa a fili, ku roƙi a rubuta mai sauƙin kuɗi, ku kuma nemi ofishin walwalar marasa lafiya. Kafin ku fito, ku tabbatar an rubuta muku ranar dawowa a kati, ku ware kuɗin keke napep na ranar tun daga yau.